Neman Ɗakin Ƙasa a Madina

Sai da muka bar Madina a bayanmu da kusan awa guda sannan na yarda cewa ba a nan za a sauke ni ba. Tun da fari na hango hasumiyoyin masallaci ta tagar mota, farare tas, har na jawo jakata na ɗora a cinya. Direban, wani ɗan Pakistan mai jan gemu, bai ko rage gudu ba. Na taɓa kafaɗarsa na ce, "Madina?" Ya nuna gaba da haɓarsa ya ce, "Khaibar."

Ni Isiyaku ne, mutumin Gumel. Shekara goma sha biyu na yi ina gyaran fanka da firji da na'urar sanyaya ɗaki. Ejan ɗin da ya yi mini takardu a Kano ya rantse mini cewa wani kamfanin gyara ne ke nemana a cikin birnin Manzo. Na sayar da babur ɗina da rabona na gonar gado na ba shi. Takardar da ya miƙo mini da Larabci take. Ina karanta Alƙur'ani, amma Larabcin ofis daban yake. Sai daga baya aka fassara mini abin da ke jiki: leburan gona.

Khaibar gari ne na baƙin dutse. Duk inda ka duba duwatsu ne baƙi ƙirin kamar an yi gobara tun zamanin da, sai kuma kwatsam ka faɗa cikin dabino kore shar. Da ba don baƙin cikin da nake ciki ba, da na ce wuri ne mai ban sha'awa. Kwana uku ban yi magana da kowa ba. A na huɗu ina zaune gindin tankin ruwa ina tsine wa ejan a fili, sai na ji daga bayana an ce, "Kai, walad Najeriya, ɗan Najeriya, tsinuwa ba ta cika ciki. Taho ka sha shayi."

Adam ke nan, wani dogon Bahaushe daga Cadi, shekararsa tara a gonar. Hausarsa rabi Larabci ce, wani lokaci sai na bi ta a hankali kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Shi ya koya mini hawan dabino da igiya a ƙugu. A wurinsa na fara sanin cewa dabino ma yana da namiji da mace, kuma macen ba ta haihuwar kirki sai mutum ya hau ya ɗebo furen namiji ya ɗaura mata. Na ce, "Wato mu ne waliyyai?" Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Na riƙa damunsa da tambaya: don me wannan ke nuna ja, wancan rawaya, yaya ake gane shekarun itace. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin leburan da ke yi wa aiki tambaya kamar alƙali ba.

A kakar dabino ta biyu na faɗo. Igiyar ba ta tsinke ba, ƙafata ce ta zame, hannuna kuma yana riƙe da nonon dabino mai nauyi da na ƙi saki. Adam ne ya sungume ni ya sa a bayan a-kori-kura. Haka na shiga Madinar da na daɗe ina mafarki, a kwance, ba abin da nake gani sai sama da fitilun titi.

Wata biyu na yi a asibiti. An sa mini ƙarfe a kwatangwalo, amma ƙafar hagu ta daina jin maganata. Na fito da sanduna biyu. Mai gonar, in faɗi gaskiya, bai wulaƙanta ni ba. Ya ce in zaɓa: tikitin gida, ko ya sake ni in nemi wani kafili, wato ubangidan da zai ɗauki nauyin takardar zamana. Na tuna matata Hadiza da yaranmu uku, na tuna babu babur, babu gona, yanzu kuma babu ƙafa. Na ce zan tsaya. Adam ya rubuta mini lambar wani mutum a bayan kwalin shayi, ya ce, "Je unguwar Bi'ir Ali a gefen Madina. Ka ce ni na aiko ka."

Mutumin shi ne Usta Haruna, dattijo mai shagon gyaran kayan lantarki. Bahaushen Sudan ne. Ya ce kakanninsa sun taso aikin Hajji da ƙafa, guzuri ya ƙare a bakin kogin Nilu, suka zauna har yau. Bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma yana cewa "kurɗi" kamar kakata. Bai tambaye ni komai ba. Ya kalli sandunana, ya jawo wata matacciyar fanka daga ƙarƙashin tebur ya ajiye gabana, ya tafi sallar La'asar. Da ya dawo ya tarar tana juyawa. Ya ce, "Ɗana, hannunka ya fi ƙafarka hankali. Zauna."

Aka yi ta zirga-zirgar takardu har mai shagon na ainihi, wani Balarabe, ya karɓi kafalata. Sai dai albashin kaɗan ne, domin kuɗin sana'ar nan yana wajen hawa bango a kafa na'urar sanyi, wadda suke kira mukayyif. Ni kuwa aikina na zaune ne: butar lantarki, dutsen guga, injin niƙa.

Abin da albashina ya iya kamawa shi ne wani ɗaki a kan rufin bene mai hawa uku, gefen tankin ruwa. Wannan ya ba ni mamaki ƙwarai. A Gumel mai kuɗi ne ke hawa bene. A nan kuwa, in gidan tsoho ne babu lif, iyakar talaucinka iyakar kusancinka da sama. Saukowa da sanduna ya yiwu da dabara. Hawa ne bala'i. Sai in zauna a matakalar farko, in juya baya, in riƙa ɗaga jikina da hannu ɗaya bayan ɗaya, ina jan sandunan a gefe. Gindin wandunana duk suka goge.

Shagonmu kuma yana bakin hanyar masallacin miƙati, inda alhazai ke ɗaura harami. Dogayen motoci ba sa yankewa. Wani lokaci mota za ta tsaya, in ji wata mata ta taga tana cewa, "Ke Talatu, kin ɗauko takalmina?" Hausa tsantsa, ba gauraye. Amma maimakon in leƙa in gaishe su, sai in tura sandunana ƙarƙashin tebur in sunkuyar da kai. Tsoro nake kada wani ɗan garinmu ya gan ni ya kai labari yadda ban shirya ba.

Wata rana a hawa na biyu hannuna ya gaza, na gangaro matakala biyar. Kwana huɗu ban sauko ba. Da na koma asibiti likita ya nuna mini hoton ƙashina ya ce ƙarfen ya fara motsi. In na ci gaba da wannan hawa, aiki na biyu ne, kuma ba ya ba ni tabbacin zan sake tsayawa ko da sanduna. Usta Haruna bai ɓoye mini ba. Ya ce, "Mai shago ya fara tambaya. In kana kwance a sama, ba ni da abin da zan ce masa. Nemi ɗakin ƙasa." Na nema. Kowane ɗakin ƙasa da na tambaya, hayarsa za ta cinye albashina kusan duka, ba abin ci, ba abin aika wa Hadiza.

Ana cikin haka wani Balarabe mai suna Abu Faisal ya shigo shagon a kan keken guragu mai batir. Cajarsa ce ta lalace. Ban taɓa buɗe irinta ba, don haka na ɗauki lokaci ina leƙa cikinta, shi kuma yana kallona. A lokacin Larabcina ya isa ciniki da 'yar hira. Ya tambayi ƙafata, na tambayi tasa. Tasa hatsarin mota ne tun yana saurayi. Da ya ji inda nake kwana ya ce, "Ba ka nemi taimakon ijar ba?"

Ijar ita ce haya. Na ajiye sukundireba na ce, "Wane ne zai biya wa mutum haya don ƙafarsa ta mutu?"

Ya ce akwai, ga naƙasassu masu ƙaramin ƙarfi. Shi bai taɓa nema ba don yana da gidan gado, amma ya san wata ƙungiyar agaji a unguwar Aƙiƙ. Gaskiya a ranar son in ga yadda abin yake ya fi sa rai yawa a zuciyata. A wurinmu ana ba gurgu sadaka a hannu, ya yi addu'a a rabu. Ban taɓa jin an buɗe ofis da tebur da layi saboda ɗakin kwanansa ba.

Ofishin yana da gangara a ƙofa maimakon matakala, da ƙarfen dafawa a bango. Na tsaya ina shafa ƙarfen kamar baƙauye. Aka ba ni lamba, aka kira ni gaban wata yarinya mai niƙabi, ba ka ganin komai nata sai idanu da tabarau. Na jera takardar likita da iƙamata, wato takardar zamana, na kwashe Larabcina duka na zube mata. Ta saurara har na gama. Sannan ta yi mini bayani a hankali: taimakon gwamnati na 'yan ƙasa ne, nasu ma na ƙungiya sai da katin ɗan ƙasa.

Na fara tattara takarduna. Cikin takaici na ce da kaina da Hausa, "To, ashe gurguntakar ma sai mai katin ɗan ƙasa."

Sai na ga kafaɗunta suna rawa. Dariya take. Ta ce da Larabci, "Gurguntaka ba ta da ƙasa, baffa. Fom ɗinmu ne yake da ita."

Kunya ta rufe ni. Na ce, "Ƙanwata, kina jin Hausa?"

Ta amsa da Larabci dai. Ta ce tana ji sarai, bakinta ne ba ya iya juya ta. Sunanta Hanan, a nan aka haife ta, a nan aka haifi babanta, amma kakarta 'yar Damagaram ce kuma har ta rasu da Hausa take yi musu faɗa. Muka yi ta hira a haka, ni da Hausa, ita da Larabci, ba wanda ya ɓata. Ta jawo 'yar takarda ta rubuta suna da lamba. Ta ce wannan ba ƙungiya ba ce, waƙafi ne. Wata baiwar Allah tun da daɗewa ta bar lambun dabino da shaguna biyu, ta ce abin da suka kawo a riƙa biya wa makafi da guragu maƙwabtan Manzo haya, ko daga wace ƙasa suke. Wani tsoho ne ke kula da shi, Ammu Salih. Ta ce, "Ba shi da fom. Da ƙafarsa yake zuwa ya gani."

Da na miƙe ta daidaita murya, kamar mai shirin ɗaga kaya mai nauyi, ta ce, "Sannu da jiki." Da Hausa, a karkace. Na amsa mata, na fita da sauri don kada ta ga idona.

Na kira lambar, Ammu Salih ya ce zai zo ranar Talata bayan La'asar. Usta Haruna ya ce, "In ya ga firjin nan naka zai ce kai tajiri ne. Ɓoye shi." Wani ɗan firji ne da na tsinta a bola na tayar da shi, shi ke ajiye mini ruwa da sauran abinci. Ina za a ɓoye firji a ɗaki ɗaya? Na lulluɓe shi da zanin gado na ɗora jaka a kai.

Na sauko na jira shi a ƙofa. Tsoho ne siriri, fari fat da furfura, yana dogara sanda shi ma. Na ce ya zauna a nan ƙasa mu yi magana, kada ya wahala. Ya ce, "A'a. Hau in gani."

Ban taɓa bari wani ya tsaya ya kalle ni ina wannan hawa ba. Kullum sai na saurara na ji babu motsi. Na zauna a matakalar farko, na juya baya, na fara. Yana biye da ni a hankali, fuskata tana kallon tasa, ba inda zan kai idona. Bai ce sannu ba, bai miƙo hannu ba. Sandunana kawai ya karɓa ya riƙe. A hawa na biyu numfashinsa ya ƙare, ya zauna kusa da ni a kan siminti, da farar rigarsa. Muka yi ta haki tare.

Ya ce, "Kullum haka?"

Na ce, "Kullum."

"Ruwan sha fa?"

"A wuya nake rataya shi."

Ya gyaɗa kai, muka ci gaba. Da muka shiga ɗaki ya zauna bakin katifa yana duba ko'ina. A daidai lokacin firjin ya ga damar tashi. Ya ɗauki gurnani a ƙarƙashin zanin gado, jakar da ke kai tana ta karkarwa. Ammu Salih ya kalle shi ya kalle ni ya ce, "Wannan mara lafiyar da ka lulluɓe, me ke damunsa?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na yaye zanin na faɗa masa gaskiya, daga bola har shawarar ɓoyewa. Ya ce in ba shi ruwa daga ciki. Ya sha, ya ce, "Ya yi sanyi. Kai ka gyara?" Na ce ni ne. Ya tambayi albashina, ya tambayi abin da nake aikawa gida. Nan ma na so in rage, amma na riga na sha kunya ɗaya, ban iya ɗaukar ta biyu ba. Na faɗa masa yadda yake.

Ya ce mai waƙafin ba ta ce sai wanda ba shi da komai ba. Cewa ta yi wanda lalura ta rage masa ƙarfi, abin hannunsa bai kai shi ga rufin da ya dace da shi ba. Za su biya rabin hayar shekara guda, kai tsaye ga mai gida, in shekara ta zagayo ya sake zuwa ya gani. Ɗakin kuma ni zan nemo. Na fara jero godiya, ya ɗaga hannu ya ce, "Ba kuɗina ba ne. Ka yi wa matar addu'a. Ni ɗan aike ne."

Washegari na je wurin wani dillalin gidaje da ya taɓa nuna mini ɗaki mai kyau a ƙasa, kusa da shago. Muka daidaita, har ya jawo takarda. Murna ta sa bakina ya yi sako-sako, na ce masa ai waƙafi ne zai biya rabi. Sai na ga alƙalaminsa ya tsaya. Ya ɗaga waya, ya yi magana da wanda ban tabbata akwai shi a layin ba, ya ajiye ya ce mai gida ya ƙara kuɗi. Abin da ya ƙara kusan daidai yake da abin da waƙafin zai bayar. Na ce, "Yanzu-yanzu fa ka faɗa mini farashi." Ya buɗe hannuwa ya ce kasuwa ce.

Na kira Ammu Salih raina a ɓace. Ya ce, "Ka je wurin mahauci ka ce masa kana da biki. Bar masa ɗakinsa. Amanar da ke hannuna ba ta dillalai ba ce." Mako uku na ƙara yi a sama, kullum da fargabar ƙarfen nan. Duk dillalin da na je wurinsa sai in kama bakina, amma ko dai ɗakin na da tudu a ƙofa, ko banɗakin na can wani hawa.

Abu Faisal ne ya sake shigowa, wannan karon da rediyon mahaifiyarsa. Ya ce, "Ya aka ƙare?" Na ba shi labari tun daga Hanan har dillali. Ya murza gemu, sannan ya ce gidansu a Aƙiƙ yana da ɗakin direba. A nan na ƙara koyon wani abu: gidajensu da yawa suna da ɗan ɗaki a jikin katanga, da banɗakinsa, ƙofarsa tana kallon titi, don direban gida. Nasu ya tafi tun da ƙannensa mata suka fara tuƙi da kansu, ɗakin ya zama wurin ajiye tarkace. Ya ce, "Kuma babu tudu ko na yatsa ɗaya. Duk gidan an daidaita shi saboda kekena."

Na ce nawa ne. Ya faɗi kuɗin da ya yi daidai, bai ƙara ba, bai kuma mai da ni abin tausayi ba. Na ce, "Ka san fa waƙafi ne zai biya rabi." Ya ce, "Ai ni na tura ka. Ka ɗauke ni dillali?"

Ammu Salih ya zo ya duba, ya buɗe famfo, ya gwada ƙofa, ya sa hannu. Ranar Asabar Usta Haruna ya rufe shago da wuri, ya kawo mota. Maƙwabtana 'yan Bangladesh suka sauko mini da kaya, ni kuma na sauko a ƙarshe. Daga Aƙiƙ zuwa shago akwai 'yar tafiya, amma Usta ta nan yake bi kullum, ya ce zai riƙa ɗaukata.

Da suka watse bayan La'asar, na zauna a bakin katifa ina kallon ƙofar. A buɗe take, ga titi nan, ga tayoyin motoci suna wucewa daidai idona. Na ɗauki sanduna na fita na sayo burodi a kantin da ke kusurwa. Na dawo na ajiye, sai na ga babu sukari. Na sake fita. Na dawo, na tuna ashana. Na sake fita. A fita ta huɗu ko kuɗi ban ɗauka ba, na je bakin kantin na tsaya na juyo.

Abu Faisal yana ƙofar gida a kan kekensa yana shan iska, yana kallona tun fitar farko. Ya kira sunana irin na Larabawa ya ce, "Ya Ishaƙ, lafiya? Me kake ta mantawa haka?"

Na tsaya na gyara sandunana a hammata. Na ce masa fiye da shekara guda ke nan, kafin in sauko sai na lissafa duk abin da zan buƙata har gobe, domin in na hau na hau ke nan. In na manta gishiri, haka zan ci abincin lami.

Na ce, "Bar ni kawai, Abu Faisal. Na daɗe ban yi mantuwa ba."